Shekarar da Ja Ya Dushe

Babana ba malami ba ne, ba kuma mai kuɗi ba. Gero yake nomawa a hanyar Kelle, yana da ƴan awaki da ba su kai a yi zancensu ba. Abin da aka san shi da shi a Gure ido ne. Duk ƙarshen wata, in rana ta sunkuya, zai ɗauki buzunsa da butarsa ya hau tudun yashin da ke yamma da unguwarmu, ya tsaya yana neman jinjirin wata. Kowane wata yake yi, ba sai na azumi ko na salla ba. In ya ce ya gani, liman ba ya ƙara masa tambaya, mutum na biyu kawai ake nema a kai magana gaba. In ya ce bai gani ba, samarin da suka gama rantsuwa sun gani sai su fara cewa ƙila bakin gajimare ne.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ba ni da haƙuri, kuma ban iya lallashi ba. In gishiri ya yi yawa a miya zan faɗa, ko da baƙo a zaune. Inna ta yi mini faɗa a kan haka har ta bari.

Duban wata gado ne a gidanmu, kuma akwai abin da ya zo tare da gadon. Kakana ma mai duba ne. Da idonsa ya fara tafiya bai gaya wa kowa ba, ya ci gaba da hawa tudu. Wata shekara ya ce ya ga watan ƙaramar salla. Aka yarda da shi don ba a taɓa kama shi da kuskure ba, aka ajiye azumi, aka yi idi. Da magaribar ranar idin gari duka ya juya yamma, sama wasai, babu wata. Mutane suka rama azumin kwana guda, ba wanda ya zage shi. Shi ne bai sake fita zaure ba har ya rasu. Baba bai daɗe da aure ba lokacin, shi ya riƙa kai masa ruwan alwala. Tun daga nan ya yi wa kansa alkawari: shi zai sauko daga tudun da ƙafarsa, kafin idonsa ya sa mutane cin abinci a ranar azumi.

Sai ya nemi abin da zai riƙa auna idonsa da shi. In sanyi ya shigo, bayan magariba, akwai taurari uku da ke fitowa daga gabas a jere, kamar an ɗinka su da zare ɗaya. A gefe guda akwai wani babba fari, a ɗaya gefen wani babba ja, kusa da jan kuma wani madaidaici. Baba ya sa musu suna da kansa: Fari, da Ja, da Ƙanen Ja. Kakana ya taɓa gaya masa cewa jan abu ne ya fara ɓace masa. Ko haka ne a likitance ban sani ba, Baba dai ya riƙe. Kowace shekara in Ja ya fito ya ga ya ninka ƙanensa haske, sai ya ce wa Inna, "Bana ma an bar mini su."

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a sanyin da ya gabaci zuwan korona, bai faɗi haka ba.

Ina zaune bakin ɗaki ina bitar darasi da fitilar salula, ya dawo daga masallaci ya tsaya tsakar gida. Ya daɗe a tsaye, har Inna ta ce tuwo zai huce.

"Ke, zo ki dubi Ja," ya ce wa Inna. "Kin ga abin da na gani?"

"Me ka gani, Malam?"

"Ya dushe."

Inna ta goge hannu a zane, ta ɗaga kai. "Ai kuwa ya dushe. Sosai ma."

"Wanda kike kallo ba shi ba ne."

Ta juya inda ya nuna mata. "To wannan ma ya dushe."

Baba bai yi dariya ba. Ni na yi.

Kwanaki suka wuce yana tambayar mutane. A bakin masallaci rabi suka ce ya dushe, rabi suka ce lafiyarsa ƙalau, kowa yana duban fuskar Baba ya ga wacce amsa ce za ta fi yi masa daɗi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san tauraron bara. Abokin hawansa tudu, wanda da zai iya faɗa, ya rasu tun damina biyu da suka wuce. Daga ƙarshe ya zo kaina.

"Uwata, ke fa?"

Na duba. Tauraro ne ja-ja, kusa da wani da suke kusan kai ɗaya. Na ce, "Baba, ban san yadda yake da ba. Ban taɓa kallonsa ba sai yau. In na ce ya dushe na yi ƙarya, in na ce bai dushe ba na yi ƙarya. Amma in idonka ne, ai duka za su dushe. Me zai sa ido ya zaɓi ɗaya?"

"Na kakanki ba lokaci guda ya kwashe ba. Tsinta ya riƙa yi, nan kaɗan, can kaɗan." Ya gyara rawaninsa. "Tauraro ba ya dushewa, Uwata. Mutum ke dushewa."

Na matsa masa sai da muka je likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya zaunar da shi, ya rufe masa ido ɗaya, ya riƙa nuna masa alamomin da ke jikin bango, Baba yana juya yatsu inda suka fuskanta har layin ƙasa. Majo ya ce, "Tsoho, idonka ya fi nawa." A hanyar gida na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ya ce, "Abin da ya nuna mini baƙi ne a kan fari, cikin ɗaki. Wata kuwa fari ne a kan fari, siririnsa kamar gashin gira. Ba su haɗu ba."

Daga nan ya fara abin da har yau ba na son tunawa. Da hantsi, in yana zaton kowa ya fita, sai ya rufe ido ya tashi daga ƙofar ɗakinsa, hannu a jikin bango, ya lallaba zuwa randa, daga randa zuwa makewayi, daga can zuwa zaure. Ran wata Laraba da babu darasin yamma na dawo na tarar da shi ya ci karo da turmi, ƙafarsa tana jini, idonsa har lokacin a rufe.

"Baba, mene ne haka?"

"Ina koyon gidan ne tun ina da mai gyara mini."

"Kana da ido kana wasan makafi. Wannan ai neman abin ne da kanka."

Ya buɗe ido, ya ga inda turmin yake, ya mayar da shi jikin danga, ya ce kada a ƙara barinsa a hanya.

Ƙaramin Alƙur'aninsa mai siraran baƙaƙe, wanda yake alfahari yana karantawa ba tabarau, ya ba ɗan ƙanensa. Ya daina zuwa gona a keke. Ƙarshen watan ya zo, rana ta faɗi, buzu yana rataye a ƙusa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba. Washegari ya je ya sami liman ya ce a nemi wanda zai duba watan azumi, shi ya sauka. Azumi saura wata uku ko ƙasa da haka.

Ni abin ya fi ba ni haushi fiye da tausayi. Mutum da ƙarfinsa, da idonsa, yana naɗe kansa saboda ɗigon haske ɗaya.

Malamin da ke koya mana fizik, Mushe muke ce masa, mutumin Doso ne da aka turo, Hausarsa ta koyo ce, yana sa mata jinsi inda ya ga dama. Bayan darasi na tare shi a bakin aji na ce ina da tambaya wadda ba ta cikin bak, jarrabawarmu ta fita. Na ce, tauraro yana iya dushewa, ko a'a? Amsa ɗaya nake so.

Ya ce wane tauraro. Na kwatanta masa ukun da ke jere da jan da ke gefe. Sai ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya ciro salula yana neman rezon intanet. Ya ce duniya duka zancen da masu duban sama suke yi ke nan, tauraron ya dushe yadda ba su taɓa auna shi ba. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce babana, kuma yana shirin makancewa a kai. Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba, ya ce zai zo gida.

Ya zo ran Juma'a da la'asar sakaliya a kan moto, wato babur. Aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta kawo fura, ta kuma sa turaren wuta a kasko don baƙo ne na lakwal, makarantarmu. Ni na zauna nesa kaɗan, inda zan ji.

Mushe ya yi bayani, kuma ya yi shi da kyau. Ya ce taurari ba girmansu ɗaya ba. Akwai manya da ranarmu ba ta kai komai ba a gabansu, kuma irin waɗannan da wuri suke tsufa. In sun tsufa sai su kumbura, su yi ja, su riƙa buɗewa suna tsukewa kamar ƙirjin mai barci, haskensu yana hawa yana sauka. Ja yana cikinsu. Ya ce da ma yana canzawa kaɗan kaɗan, wanda ido ba ya cika kamawa.

"To na bana fa?" in ji Baba.

"Na bana ya wuce kaɗan, Baba. Tauraro irin wannan ba ta iya riƙe jikinta." Ya ce saman tauraron ya yi nisa da cikinsa ƙwarai, don haka abin da ke can sama yana zubewa waje, dare da rana, kamar iska mai tasowa daga jikinsa zuwa kowane gefe. Masana iska suke ce mata, amma ba irin tamu ba ce, naman jikin tauraron ne da kansa yake fita a matsayin gaz mai zafi. Abin da ya fita tun zamanin da ba kowa yana nan kewaye da shi, rufi a kan rufi, masu manyan madubin hangen nesa suna ganinsa. Wani lokaci kuma sai ya yi tari, ya watso da yawa gaba ɗaya. In abin ya yi nisa ya huce, sai ya zama ƙura. In ƙurar ta tsaya tsakaninmu da shi, sai mu ga ya dushe.

Inna, wadda ban zaci tana saurare ba, ta nuna kasko da haɓa. Hayaƙin turaren ya turnuƙe, garwashin da ke ƙasa da ƙyar ake ganin jansa. Ta ce, "Kamar wannan ke nan. Wutar tana nan, nata hayaƙin ne ya rufe ta."

"Haka, Inna, haka," in ji Mushe. Amma ya ƙara da cewa masanan ba su gama yarda ba tukuna. Wasu sun ce ƙura, wasu sun ce wani gefen tauraron ne ya yi sanyi, wasu ma suna cewa ƙila ƙarshensa ne ya zo zai fashe. Ya miƙa wa Baba salular ya ga hoto.

Baba bai karɓa ba. Ya gyara zama, irin zaman da na san yana yi in saurayi ya zo ya ce ya ga wata.

"Mushe, kai ka gani da idonka?"

"Na duba shekaranjiya, Baba."

"Bara ka san shi?"

"Gaskiya a takarda na san shi."

"Su waɗanda suka rubuto, ka taɓa zama da su? Ka san wanda ya san su?"

"A'a."

"To Allah ya saka da alheri, ka taso da ƙafarka. Maganarka ta shiga kunnena, kuma ta yi kama da gaskiya. Amma labari ka kawo mini, ba shaida ba. In aka bugo waya aka ce an ga wata a wani gari, ba na cewa ƙarya ne, ba na kuma cewa na gani."

Na ji kamar in tashi in fasa kaskon. Na ce, "Baba, duniya duka ta gani, kai kaɗai ne za ka ce sai an kawo maka ɗan unguwa?"

Ko kallona bai yi ba. Ya tambayi Mushe, "Abin da yake fitarwa, yana komawa cikinsa?"

"Mafi yawa ya tafi ke nan."

"Yana ƙarewa ke nan."

"Yana ƙarewa. Amma a lissafinsu, ba a namu ba. In kuma ƙura ce, za ta wuce, hasken ya dawo."

"In ya dawo wa zai gaya mini? Idon da nake tuhuma?" Ya juyo gare ni. "Uwata. Ita ba ta iya daɗaɗa wa mutum ba. In ta ga ya sake da idonta, na yarda tauraro ne. In azumi ya zo ba ta ga komai ba, ni ne."

Haka aka ɗora mini, ba a tambaye ni ba.

Duk magariba, daga sallame salla zuwa kiran lisha, ina tsakar gida kaina a sama. Lokacin Ja ya bar gabas, ya hau kusan tsakiyar sama, wuya har ciwo yake. Baba ya hana ni taɓa salula tun daga la'asar, ya ce haskenta yana cinye ido. Ya koya mini kada in zura wa tauraro ido kai tsaye, in dubi gefensa kaɗan. In dubi Ja, in dubi ƙanensa, in koma. Akwai wani jan kuma can wajen Kaza da Ƴaƴanta, ya ce shi ma in riƙa haɗawa da shi: da can Ja ya fi shi, yanzu shi ya fi Ja. Shi kuwa Baba yana zaune a buzu, kansa a ƙasa, yana jan carbi. Ya daina ɗaga kai gaba ɗaya.

"Yaya?"

"Yadda yake jiya."

Washegari ma haka. Da wanda ya biyo. Ja da ƙanensa kamar tagwaye. Ban taɓa yin aikin da ya gundure ni irin wannan ba. Ƙawayena suna haɗuwa bita, ni ina tsaye ina gadin abin da ba ya motsi. Wata rana na ce masa wannan azabtar da mutum ne. Ya ce shi ya yi shekara da shekaru yana hawa tudu, mafi yawan ranakun ba ya ganin komai, kuma rashin ganin ma aiki ne.

Inna ta same ni a madafa ina wanke tukunya. Ta rage murya.

"Ki ce masa ya ƙaru mana. Me zai rage ki? Ba ya cin abinci, kina gani."

"In na faɗa don ya ji daɗi, shaidata ta zama irin taki."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Na zaci za ta maka mini. Ta ce, "Da irin tawa aka riƙe gidan nan tun ba a haife ki ba. Ranar da kakanki ya shige ɗaki, wa kike zaton ya riƙa ce masa mutane suna gaishe shi?" Ta juya ga miyarta. "Amma yanzu taki ake so. To ki tsaya da kyau."

Zafi ya fara shigowa. Zancen korona ya cika rediyo, sai ga shi an rufe lakwal, an rufe masallatai, Baba yana jan mu salla a tsakar gida. Ja ya fara karkata yamma, bisa aduwar maƙwabta. A cikin kwanakin nan ne na ga kamar ya ɗan fi ƙanensa. Ban faɗa ba. Na san ina son in gani, kuma wanda yake son ya ga abu yakan gan shi, haka aka yi da kakana. Baba ya ce yaya, na ce ban da magana tukuna. Ya ɗan tsaya da carbin, ya ci gaba.

Na bar shi kwanaki. Ina duba, ina kawar da kai, ina sake dubawa. Na gwada rufe ido ɗaya, na gwada ɗayan. Har aka zo maraicen da ko wawa zai gani: ƙanen ya koma ƙane, Ja yana ci kamar garwashin da aka hura, ya kamo jan wajen Kaza.

"Yaya?"

"Ya fi ƙanensa. Ba kaɗan ba."

"Kin tabbata?"

"Da ban tabbata ba da na yi shiru, kamar yadda na yi ta yi."

Ya ajiye carbin a kan buzu. A hankali ya ɗaga kai, kamar wanda wuyansa ya manta hanya. Ya daɗe yana kallo. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya ba ta ce komai ba, wannan karon.

"Na leƙa shi shekaranjiya," in ji shi. "Na ga haka. Na ce ƙila so ne." Ya shafa fuska. "Alhamdu lillahi. Ashe tauraro ma yana dushewa."

Ya ci tuwo mai yawa a daren. Amma bai je wajen liman ba, bai kuma ce zai koma tudu ba, ni ma ban tambaya ba don kada in ji abin da zai ɓata mini rai.

Ranar duban watan azumi, rana ta yi ƙasa, na ga ya sauko da buzu daga ƙusa. Ya ce, "Uwata, ɗauko buta." Mata ba sa hawa tudun nan. Na ɗauko, na bi shi.

Saboda dokar hana taro mutane kaɗan ne a sama, kowa ya ja nesa da ɗan'uwansa. Akwai mutumin da liman ya sa a madadin Baba, magidanci ne mai natsuwa. Da ya hango Baba sai ya matsa ya bar masa wurinsa, ba tare da an ce komai ba. Rana ta faɗi. Zara ta fito da wuri, tana walƙiya can sama. Muka tsaya. Jan yamma ya koma toka-toka. Wani daga gefe ya ce kamar ya ga wani abu, ya nuna da yatsa. Baba ya bi yatsan, ya daɗe, ya dawo inda yake dubawa. Har duhu ya fara rufe ƙasan sama, taurari ukun suka bayyana, Ja yana bisansu.

Magidancin ya ce, "Baba, yaya?"

"Ban gani ba."

Ya faɗe shi a sarari. Wanda ya ce kamar ya gani ya ce ƙila dai idonsa ne. Muka sauko. Daga baya rediyo ya sanar an ga wata a wani wuri, a tashi da azumi. Baba ya ce su sun gani can, mu ba mu gani nan ba, hukuma ta yanke, mun bi. Washegari da magariba, dabino a hannunsa bai kai baki ba, ya ce, "Ga shi can," ya kama kaina ya juya shi kaɗan. Siriri, kamar yadda ya faɗa.

Bayan an buɗe lakwal Mushe ya tare ni ya ce yawancin masana sun karkata ga ƙura: tauraron ya watso wani babban guntu na jikinsa, ya huce, ya tare mu. Na gaya wa Baba. Ya ce Allah ya ƙara musu sani. Ƙaramin Alƙur'anin bai karɓo ba. Inna ta ce ya aika a kawo, ya ce abin da ya fita ya fita.

Ya ƙara wasu shekaru yana hawa tudu. Ni ban wuce bak ba, na zauna a Gure, kuma kallon Ja ya zame mini jiki, in sanyi ya shigo sai na ga kaina a tsakar gida. Shaidata ba ta shiga gaban liman a zancen wata, na sani, kuma har yau ban ga dalili ba. A gidanmu dai ita ake jira.

Wani sanyi, bayan magariba, ya sake tsayawa irin waccan tsayuwar. Wannan karon bai kira Inna ba.

"Uwata, dubi Ja."

Na duba. Na dubi gefensa, na dubi ƙanensa, na dubi na wajen Kaza. Na daɗe fiye da yadda ake bukata. A shekarar har ya fi yadda na san shi haske.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba."

"Ƙanen fa? Yana nan?"

"Yana nan."

"To ni ne ke nan."

Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya je wajen liman da ƙafarsa. Likitan ido a Damagaram ya ce jijiyar ce take bushewa, ya ba da maganin ɗigawa da zai rage mata sauri, ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Ba wanda ya taɓa rama azumi saboda babana.

Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Yana zama a zaure, mutane suna zuwa gaishe shi da kansu. In zai yi alwala ba ya kiran kowa. Yana tashi daga ƙofar ɗakinsa, hannu a jikin bango, ya bi zuwa randa, daga randa zuwa makewayi, ba ya kuskure. Turmi yana jikin danga, ba a barinsa a hanya.